Sorolla, Mai Kama Rana da Buroshi

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Bron, gefen birnin Liyon na Faransa, ya san yadda rana take yi wa mutum rowa a garin nan. Daga Nuwamba har Fabrairu sama takan rufe ruf kamar an kifa ƙwarya, ka fito da safe ka tari tiram cikin hazo mai sanyi, ka dawo ƙarfe biyar duhu ya riga ka gida. Ni da na tashi a Maraɗi, inda ake gudun rana ana neman inuwar bedi, sai ga ni ina leƙen taga ina jiran ta kamar mai jiran baƙo. A irin wannan lokacin ne, wata Lahadi, na tsaya wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin kogin Saône, a Quai de la Pêcherie, na buɗe wani katon littafin hotunan zane da gefensa ya cinye. Shafin da ya buɗe mini, mata biyu ne cikin fararen kaya suna tafiya a bakin teku, iska na kaɗa mayafinsu. Wallahi sai da na ƙanƙance ido kamar mai kallon tsakar gida da azahar. A ƙasa an rubuta Joaquín Sorolla y Bastida, 1909. Ban yi ciniki ba, na biya na rungume abina.

'Yan'uwa masu son zane, ku da kuka san shi kun san ciwon da ya kama ni a ranar, kuma kun san ba ya warkewa.

Littattafai suna kiran sa impresiyonis ɗin Sifen, wato suna jera shi a layin su Monet da Renoir, masu fita waje su zana abin da ido ya gani a take kafin haske ya sauya. Ba laifi, akwai dangantaka. Amma mutanen ƙasarsa suna da kalmar da ta fi zama daidai da shi, luminista, ma'abocin haske, kuma ni ita na riƙe. Hasken Monet na arewacin Faransa ne, mai laushi, mai raɓa, mai kunya, wanda ke ratsowa ta cikin gajimare yana sallama. Na Sorolla kuwa ranar Valencia ce tsirararta, mai dukan ƙeya, mai sa rairayi ya ƙona tafin ƙafa, mai wanke launi daga jikin abu har sai inuwa ce kaɗai ke gaya maka siffarsa. Wannan ranar mun san ta. Tamu ce.

Kuma maraya ne, jama'a. An haife shi a Valencia ranar 27 ga Fabrairu 1863, yana ɗan shekara biyu annobar kwalara ta 1865 ta ɗauke uwa da uba. 'Yar'uwar mahaifiyarsa, Isabel Bastida, da mijinta José Piqueres, maƙerin kwado da makulli, su suka riƙe shi tare da ƙanwarsa Concha. An so ya gaji maƙera, amma hannun yaron zane yake so, kuma Allah ya sa marikin nasa bai danne shi ba. Ya shiga makarantar zane ta San Carlos, ya je Madrid ya zauna gaban ayyukan Velázquez a gidan tarihi na Prado yana kwaikwayo. Ya kuma samu aiki wajen wani mai ɗaukar hoto, Antonio García, yana sa wa hotuna launi. A nan ya tsinci dami a kala sau biyu: ya koyi yadda kamara take yanke abu ba zato, ta bar rabin hula a waje, kuma ya ga 'yar maigidan, Clotilde, wadda ya aura a 1888 ya kuma yi ta zana ta har ƙarshen ransa.

Tun yana saurayi halinsa ya fito. A 1884, da zai zana tablon yaƙin mutanen Madrid da sojojin Napoleon, maimakon ya kulle kansa a atiliye kamar yadda kowa ke yi, sai ya kwashi kayansa zuwa filin wasan bijimai na Valencia, ya sa aka tayar da hayaƙin albarushi a fili don ya ga yadda rana ke ratsa shi. Ɗan shekara 21 ke nan! A 1885 ya samu tallafin karatu zuwa Roma, a shekarar kuma ya fara taka Paris, ya ga aikin Jules Bastien-Lepage mai zana manoma yadda suke, ya koma da wani ido dabam.

To, bari in kai ku inda na fi so. Mu da ke zaune a nan muna da gata guda: daga tashar Part-Dieu ta Liyon, jirgin TGV awa biyu ne zuwa Paris, kuma gidan tarihi na Orsay ne ke riƙe da La vuelta de la pesca, Dawowa daga Kamun Kifi, wanda ya zana a 1894. An nuna shi a Salon na Paris a 1895, gwamnatin Faransa ta saye shi ta kai gidan tarihi na Luxembourg. Ku lura da shekarar. A 1895 ɗin nan ce 'yan'uwan nan biyu, su Lumière, suka ɗauki fim ɗin ma'aikata suna fitowa daga masana'antarsu a Monplaisir, tasha ɗaya tak a metro daga Grange Blanche inda nake sauka kullum. Sunansu ma haske yake nufi. Su suna kama motsi da na'ura a Liyon, shi yana kama shi da gashin buroshi a bakin Bahar Rum, kuma ni dai na san wanda na zaɓa.

Tablon nan katafare ne, faɗinsa ya kai mita huɗu, in ka tsaya gabansa sai ka ji kamar ruwan zai jiƙa maka takalmi. Bijimai biyu, manya, masu kauri, jajaye-jajaye, sun shiga teku har ƙirji suna jan jirgin masunta zuwa tudu, wani mutum ya ɗare bayan ɗaya daga cikinsu ya zauna a karkace hankali kwance, irin zaman da yaran ƙauyenmu ke yi a kan takarkari in an taso daga gona. A gaba wani yana tsaye cikin ruwa riƙe da guntun katako da zai sa a gindin jirgin. Sama da su duka kuma ga ƙyallen jirgin, wanda iska ke hurawa ta tura shi, ya kumbura ya cika ciki, rana ta bugo shi ta baya ya zama kamar fitila. Na matsa kusa har na ga sawun buroshin. Abin da daga nesa na rantse ruwa ne mai motsi, a kusa shafe-shafen fenti ne kawai, shuɗi a nan, kore a can, wani ɗan fari mai kauri da aka ɗora da bugu ɗaya aka wuce. Na ja da baya taku biyar, teku ta dawo, har da sanyinta. Na yi wannan kai da komowa ya fi sau goma. Kai, mutumin nan!

Su shanun ma abin kallo ne. Wanda ya girma kusa da shanun huɗa ya san yadda wuyan sa yake sunkuyawa in kaya ya yi nauyi, da yadda jiƙaƙƙen gashi ke ƙyalli. Sorolla ya sani. Bai ƙawata su ba, bai mayar da su dabbobin tatsuniya ba, shanun aiki ne da suka gaji kuma suna ci gaba da ja.

Amma abin da ya sa na zama ɗan gani-kashe-ninsa shi ne fari. Babu wanda ya san farin yadi kamar Sorolla, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda ya taso yana kallon filin Idi. Ku tuna safiyar Sallah, sahu-sahu na manyan riguna, farar shadda da ta sha bugu, sabuwa fil, rana ta fara ɗagawa. Wane ne zai ce duk launi ɗaya ne? Inda rana ta faɗa kai tsaye, fari ne mai kashe ido. Cikin ninkin hannun riga shuɗi-shuɗi ne, kamar an ɗauraye shi a ruwan bula. Ƙasan rigar, inda jar ƙasa ke mayar da haske, ruwan hoda ne da ɗan ruwan goro. Idonmu ya san wannan tun muna yara, bakinmu ne bai taɓa faɗa ba, sai ga wani ɗan Valencia ya zo ya shimfiɗa shi a kan ƙyalle.

Ku dubi Paseo a orillas del mar, Yawo a Bakin Teku, wanda ya kama ni a bakin Saône, wanda kuma daga baya na je har Madrid na gan shi ido da ido a gidansa. Clotilde ce da babbar 'yarsu María. Kusan mita biyu ne kowane gefe. Babu sararin sama ko kaɗan, kamar mai zanen yana tsaye a bisa yana kallon su ƙasa, rairayi da ruwa kawai ne a bayansu, kuma bakin tablon na sama ya yanke hular Clotilde, aikin ɗan gidan mai hoto ke nan. María na gaba riƙe da hularta a hannu, uwar na biye da laima ta karkata, mayafi na tashi. Rigunan nan dogaye, masu sheƙi, masu kaɗawa, marasa nauyi, in ka ƙura musu ido za ka ƙirga shunayya da shuɗi da rawaya da ruwan toka da kore, amma ka ja baya ka tambayi kowa launinsu, zai ce maka fari ne tas. Sihiri halal.

Sai Madre, wato Uwa, wanda ya fara bayan haihuwar autarsu Elena a 1895. Gado ne fari, bargo fari, matashi fari, bango ruwan toka mai haske, kusan duk tablon babu komai, sai kawuna biyu da suka leƙo, na mai jego da na jaririya, da hannun uwar da ya miƙa wajen 'yarta. Shi ke nan. Na tsaya gabansa na tuna ɗakin yayata kwana uku da haihuwa, shirun nan na gajiya da godiya da ke sauka bayan 'yan barka sun watse. Da fenti fari kaɗai ya yi wannan. Akwai kuma Cosiendo la vela na 1896, Ɗinkin Ƙyallen Jirgi, wanda ke Venis yanzu: mata da maza sun baje wani makeken farin ƙyalle a tsakar gida ƙarƙashin rumfar ganye suna ɗinki, rana na ɗigowa ta tsakanin ganyen tana yi masa dabbare-dabbare, tukwanen furanni a gefe, teku na leƙowa ta ƙofa can baya. Wannan a littafi kawai na san shi, kuma shafin har ya fara yin baƙi saboda yatsuna.

Masu cewa Sorolla mai zanen hutu ne da 'yan gayu, don Allah su je Prado su tsaya gaban wanda ya sa wa suna Har Yanzu Suna Cewa Kifi Ya Yi Tsada, na 1894. Cikin jirgi ne, wani saurayi masunci kwance ya ji mummunan rauni, dattawa biyu sun duƙa a kansa, ɗaya ya tallafe shi ɗaya na danne raunin, kifin da suka kamo na tule a gefe yana ƙyalli. Sunan kaɗai mari ne ga duk mai taya kifi a kasuwa yana yatsina. Sannan ga Triste herencia, Gadon Baƙin Ciki, na 1899: yara masu naƙasa sun zo wanka a teku, wani malamin coci cikin baƙar riga yana riƙe da ɗaya mai dogara sanda, ƙafafun sun shanye sun lanƙwashe, tekun kuma a wannan karon duhu ne da ita, ba fara'a. Mu da muka ga abin da shan inna ya yi wa unguwanninmu, muka kuma ga ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020, ba ma buƙatar a fassara mana wannan tablo. Shi ya ci Grand Prix a babban baje kolin duniya na Paris a 1900, ya kuma ci lambar girmamawa a Madrid a 1901. Bayan shi bai sake komawa irin wannan zane mai ciwo ba. Ina jin haushin haka kaɗan, don mai wannan idon da ya ƙara mana ko biyu ne.

Paris ta yi masa rana, wannan gaskiya ce. A 1906 ya cika gidan nunin Georges Petit da ayyuka kusan 500, shi kaɗai, aka yi ta tururuwa, Faransa ta ƙara masa girma a Légion d'honneur. A 1908 ya je Landan, ciniki bai yi armashi sosai ba, amma a can ya haɗu da attajirin Amurka Archer Milton Huntington, wanda ya kafa Hispanic Society a New York. A Fabrairun 1909 aka buɗe masa nuni a can da ayyuka 356, cikin tsananin sanyi da ƙanƙara, mutane wajen 160,000 suka yi layi a cikin wata guda, aka sayi 195. Ni na fahimci mutanen nan sarai. Wanda sanyi ya dafa, aka ce masa ga rana can an rataye a bango, ai ko da rarrafe zai je. A wannan tafiyar ce har ya zana shugaban Amurka William Howard Taft a fadar White House.

A nan ƙorafina yake. Hotunan manyan mutane da ya yi ta zanawa, attajirai da matansu da masu mulki, an yi su da gwaninta, babu wanda zai ce hannu ya kuskure, amma da yawansu ba su da ruhin nan na bakin teku. Kana gani ka san aikin kuɗi ne. Ina cire na likita Santiago Ramón y Cajal na 1906, da na sarki Alfonso na 13 da ya fitar da shi waje cikin lambu a La Granja a 1907 rana na wasa a kan kakinsa, da duk wanda Clotilde ke ciki, domin ita bai taɓa zana ta da sanyin jiki ba. In yana tafiya kusan kullum sai ya rubuta mata wasiƙa. Sauran kuwa nakan wuce su da sauri in koma wajen yaran da ke kwance a jiƙaƙƙen rairayi, fatarsu na walƙiya kamar an shafa mata man gyaɗa, da yaron nan mai jan farin doki daga cikin ruwa.

Yadda yake aiki ma abin so ne. A rairayin Cabanyal yake kafa manyan ƙyallayensa, a ɗaure su da igiya don kada iska ta kwashe, ya tsaya cikin rana da buroshi masu dogayen ƙota yana zane da sauri kamar ana korar sa, domin ya san hasken ƙarfe goma ba shi ne na sha ɗaya ba, yaro kuma ba ya tsayawa. Har ƙwayoyin rairayi ana samu manne cikin fentin wasu ayyukansa. Ga kuma 'yan ƙananan allunan da yake yawo da su, wasu ba su wuce tafin hannu ba, yana ɗaukar launin wuri cikin 'yan mintoci. A gidansa na Madrid na ga an jera su bango guda, kuma in da za a ce in zaɓi abu ɗaya in tafi da shi Bron, cikinsu zan ɗauka.

Sai babban aikin da ya cinye shi. A Nuwamban 1911, a Paris, ya sa hannu da Huntington kan dala 150,000 zai zana yankunan Sifen don ɗakin karatu na Hispanic Society. Alluna 14, tsayin kowanne wajen mita uku da rabi, in an jera su kusan mita 70. Ya ƙi zama a atiliye ya ƙaga, ya bi ƙasar lungu-lungu shekara da shekaru yana zana mutane a garuruwansu da tufafinsu na gado. Akwai bikin burodi na Kastil mai faɗin kusan mita 14, akwai mahaya dawaki na Valencia da ado kamar hawan Sallah, akwai masu kora shanu na Andalus, akwai masu tsinkar dabino a Elche da in ka gani sai ka ce Ingal ce, sannan na ƙarshe, kamun manyan kifayen tuna a Ayamonte, wanda ya gama a 1919, inda ruwa da jini da azurfar kifi suka haɗu ƙarƙashin wata rumfa mai ruwan ƙwai har ido ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Aiki ne na ban mamaki, kuma ina jin zafinsa, don shi ya tsotse ƙarfinsa. A Yunin 1920, yana cikin lambun gidansa yana zana matar marubuci Ramón Pérez de Ayala, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi da buroshi a hannu. Bai sake zane ba. Ya rasu a Cercedilla ranar 10 ga Agusta 1923 yana da shekara 60, aka kai shi Valencia aka binne. Allunan nan ba a buɗe su ga jama'a a New York ba sai 1926, bai taɓa ganin su a jere a bango ba.

Abin da ya biyo baya shi ke ƙona mini rai. Tun yana raye wasu marubutan ƙasarsa, irin su Miguel de Unamuno, suna ganin Sifen ta gaskiya ita ce mai duhu da tsanani ta zanen Ignacio Zuloaga, ta Sorolla kuwa ta cika fara'a. Sannan zamanin su Picasso ya zo, aka shiga yayin murɗe siffa, aka ajiye Sorolla gefe a matsayin tsohon yayi, mutumin da ya bar ayyuka sama da 2,000. Wai don abu yana da daɗin kallo sai a ce ba shi da zurfi! Wanda ya faɗi haka bai taɓa gwada zana inuwar farar riga ba. Alhamdu lillahi an dawo hanya: Prado ta yi masa gagarumin nuni a 2009, Giverny, garin Monet kansa, ta karɓe shi a 2016, National Gallery ta Landan a 2019, Hôtel de Caumont a Aix-en-Provence a 2020, ga bukukuwan cika shekara 100 da rasuwarsa a 2023. Tashar jirgin ƙasa mai gudu ta Valencia ma sunansa take ɗauke da shi.

Clotilde kuwa ta yi abin da ya dace da ita. Ta bar wa ƙasar Sifen gidan da kayan cikinsa, ta rasu a 1929, aka buɗe shi gidan tarihi a 1932, ɗansu Joaquín ya zama shugabansa na farko. Lambun shi Sorolla ya tsara shi da kansa, ya ɗauko fasalin daga Alcázar na Sabiliya da lambunan Alhambra na Garnaɗa, aikin Musulmin Andalus, da 'yan maɓuɓɓugan ruwa da tayil masu zane da inuwa mai sanyi a tsakiyar hayaniyar Madrid. Na zauna a can kusan awa guda kafin ma in shiga ciki. A atiliyen kuma na tarar buroshinsa na nan tsaye cikin tuluna, tablon da bai gama ba na nan a kan mariƙinsa.

Na sayo hoton Yawo a Bakin Teku a can, babba, na sa masa firam na rataye a bangon da ke kallon tagar falona. Wata dattijuwa 'yar Damagaram da ke zuwa gaishe mu ta tsaya gabansa ran nan, ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta nuna gefen rigar María da yatsa ta ce, “Ɗana, wannan yadin a ina ake samun sa?” Na ce mata, “Inna, fenti ne.” Ta matsa ta shafa gilashin, ta ce a'a, ita dai a nemo mata yadi biyar kafin Sallah.